Keken tirayatlon: inda kuɗi ke sayen gudu da inda yake sayen ƙawa

Tun da na saka hoton kekena tambayoyi suke ta shigowa, kuma kusan duk iri ɗaya ne: nawa ka saya, me ya sa kansa yake da ƙaho biyu a gaba, wai da gaske akwai keken da ya fi mota tsada? E, akwai. Bari in amsa gaba ɗaya a zare ɗaya. Dogo ne fa, ku gyara zama. 🧵

Ga wanda bai san wasan ba: tirayatlon wasa uku ne a jere babu hutu. Ka yi iyo, ka fito jikinka na ɗigar ruwa ka haye keke, ka sauka ka kama gudu. Agogo ba ya tsayawa ko lokacin da kake sa takalmi. Na Olamfik, wanda aka fara a Sydney a 2000, iyon kilomita 1.5 ne, keke 40, gudu 10. Cikakken Ironman, wanda aka faro a Hawai a 1978, iyo 3.8, keke 180, gudu 42.2. Ni rabin wannan na yi wa rajista, Outlaw Half a nan Nottingham: iyo 1.9, keke 90, gudu 21.1.

Mutum irina zai shafe wajen awa shida a gasar, kuma rabin lokacin a kan sirdi ne. Shi ya sa maganar keke take da nauyi, masu sayarwa kuma sun san haka sarai.

Fam 3,500 na tara a shekara ɗaya da rabi, daga albashin da ake cire haya, a cire abin da ake turawa gida duk wata. Ba kuɗin da zan sake tarawa gobe ba ne. Da na faɗa wa Yayana a waya sai ya yi shiru, can ya ce, “Keke fa ka ce? Mai feda?” Na ce e, Yaya, mai feda. Ya ce to Allah ya sa yana da AC. Ku buga kuɗin da canjin yau, za ku gane shirun nasa.

Abin dariyar, a kasuwar kekunan nan fam 3,500 ɗin nan ƙasan layi yake. Na ga kekuna biyu a shago ɗaya, firam ɗaya, girma ɗaya, har fenti kusan ɗaya. Ɗaya fam 3,600, ɗayan ya haura 7,000. Duk bambancin yana jikin kayan da aka ɗaura musu: giya, wili, kan keke. To tambayar da na kwana da ita makonni ita ce, wannan ƙarin, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Kafin amsa sai an san da wa ake faɗa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, babban abokin gabar mai keke iska ce. Kuma mugun lissafi gare ta. In kana tafiyar kilomita 30 a awa kana son komawa 33, gudun ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, amma ƙarfin da za ka kashe wajen keta iska ya ƙaru da kusan kashi 33. Ninki uku take cajin ka.

Sannan ga abin da talla ba ta cika faɗa ba: mafi yawan abin da iskar take dukawa kai ne. Wajen kashi uku cikin huɗu jikinka ne, kai da kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Keken gaba ɗayansa, da firam da wili da duk abin da ka biya dubbai a kai, ragowar kason suke rabawa.

A gasar Tour de France kana iya laɓewa a bayan wani ya tare maka iska. A irin tawa haramun ne. Dole ka bar mita 12 tsakaninka da na gabanka, in ba haka ba alƙali a kan babur ya ba ka kati ka je ka tsaya a tanti agogo na tafiya. Daga kai sai iska, awa uku. Wannan dokar ce ta haifar da keken tirayatlon. A Olamfik, inda aka yarda a laɓe, keken tsere na yau da kullum suke hawa.

Ƙahonnin da kuke tambaya, sanduna biyu ne da mutum yake kwantar da gwiwar hannu a kansu, ya tsuke kafaɗu, ya yi ƙasa da kai. 'Yan tirayatlon ne suka yaɗa amfani da su a Amurka, manyan 'yan tseren Turai suna musu kallon wasan yara. Sai 1989. Ranar ƙarshe ta Tour de France, Greg LeMond yana bayan Laurent Fignon da sakan 50, saura kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, kowa shi kaɗai da agogo. LeMond ya ɗaura sandunan, ya sa hular kwano mai tsini. Fignon ya fito babu hula, gashi a ɗaure ta baya. LeMond ya riga shi da sakan 58, ya cinye gasar mako uku da tazarar sakan 8. Daga ranar dariya ta ƙare.

Na gwada da kaina kafin in kashe ko kwabo. Ina da tsohon keken tsere na alminiyom da nake zuwa aiki da shi. Na sayi sandunan ɗaurawa na fam 60, na ari mitar ƙarfi wajen wani ɗan kulob ɗinmu, na zagaya hanya ɗaya sau da yawa da ƙarfi ɗaya, wani zagaye a zaune wani a kwance. A kwance ina samun ƙarin kusan kilomita ɗaya da rabi a awa. A kilomita 90 wannan ya haura minti takwas. Da fam 60. Ku riƙe wannan adadin, da shi zan auna sauran.

To in haka ne me ya sa ban tsaya nan ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ga mutane da yawa amsar ita ce su tsaya nan ɗin. In keke ɗaya kawai za ka iya mallaka, keken tsere da sanduna ya fi maka. Keken tirayatlon ba ya zuwa cefane. Birki yana wuri ɗaya, hannunka yana wani wuri, shi ya sa kulob-kulob da yawa ba sa yarda ka shigo da shi cikin ayari. A kwana mai kaifi ko gangare ma ba daɗin sarrafawa gare shi ba.

Ni matsalata ƙugu ne. A keken tsere bututun da ke ɗauke da sirdi yana kishingiɗe baya, wajen digiri 73. In ka kwanta gaba a haka cinyarka tana neman haɗuwa da cikinka, numfashi ya matse, baya ya ɗaure. Minti 25 nake iya jurewa sai in miƙe. Keken tirayatlon yana tura sirdin gaba, digiri 78 ko fiye, sai jikin gaba ɗaya ya juya, kana kwance amma ƙugu a buɗe. Dan Empfield ne ya fito da wannan ƙirar da kekensa na Quintana Roo a 1989, shekarar LeMond ɗin nan. Kuma kar ku manta, bayan keken akwai gudun kilomita 21 yana jira. Ƙafar da ka sauka da ita, da ita za ka gudu.

Shi ya sa kuɗin farko da na kashe, fam 200, ba keke na saya da shi ba. Awo na je, kamar wajen tela. Akwai masu wannan sana'ar: su ɗora ka a kan wani keke na gwaji da ake matsar da sirdinsa da kansa, su ɗauki bidiyo, su duba gwiwa da wuya, su yi ta gyarawa har a samu zaman da za ka iya riƙewa awa uku. Na fito da takarda mai lambobi. Da ita na shiga kasuwa, kuma nan take ta soke mini kekuna biyu da nake mutuwar so. Ɗaya ya yi mini tsawo, ɗayan kansa ba ya ɗagawa zuwa inda wuyana yake so. Shadda komai tsadarta, in ɗinkin ya matse ka a hammata, a akwati za ta ƙare.

Yanzu giya, inda aka fi cin kuɗin mutane.

Shimano tana da matakai uku da za ka fi gani: 105, Ultegra, Dura-Ace. SRAM ma haka: Rival, Force, Red. Kekuna biyun da na ambata, ɗaya 105 ne ɗayan Dura-Ace. Dukansu na lantarki, dukansu giya 12 a baya, ka danna maɓalli sarƙa ta koma. Ido rufe ba na jin zan bambance su. Babban bambancin nauyi ne, wajen rabin kilo.

Sai na zauna na yi lissafin 'yan sakandare. A ce hanya tana da hawan da jimillarsa ta kai mita 1,000, ni kuma ina taka wat 200. Ɗaga rabin kilo zuwa wannan tsayin zai ci mini kamar sakan 25. A hanya mai tuddai ke nan. Tawa kusan shimfiɗe take, tudu ɗaya ne na kirki. Gorar ruwan da zan ɗauka ma ta fi rabin kilo. Ni kaina, tsakanin safe da dare, nauyina yana canjawa fiye da haka, musamman ranar da aka yi tuwo.

Minti takwas a fam 60. Sakan 25 a dubbai. Wallahi na daɗe ina kallon takardar.

Kuma kayan giya cinyewa suke. Sarƙa da haƙoran baya sai an canja su lokaci-lokaci, musamman a ƙasar da ruwan sama da gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi suke cin ƙarfe. Ka sayi na sama, duk canji farashin na sama za ka biya. Kamar mai sayen babbar mota da kuɗin fansho ne, ranar sayen ake murna.

Amma akwai wuri ɗaya da na yarda tsada ta yi gaskiya: giyar lantarki. A keken tirayatlon mai giyar waya, abin canja giya yana can ƙarshen sandunan kwanciya. Ka zo tudu ko kwana, hannunka na kan birki, kana son sassauta giya, dole ka saki hannu ɗaya ka miƙa gaba. A gajiye, a kilomita na 70, iska na kaɗa ka. Da lantarki ana sa maɓalli a wuri biyu, a sanduna da kuma kusa da birki. Wannan maganar tsira da haƙora ce. Kuma tun da Shimano ta fito da 105 na lantarki a 2022, ba sai ka hau matakin sama ba kafin ka samu. Abu ɗaya: ku duba da idonku, wasu kekunan masu sauƙin kuɗi a sanduna kawai suke sa maɓallin, na wajen birki sai ka ƙara kuɗi.

Boris na tangaran da manyan ƙafafun sarƙa da ake ɗaurawa a baya, masu ɗaruruwan fam? Ko na yarda suna ceton wat biyu, a awa ukuna bai kai minti ɗaya ba. Ka wanke sarƙarka ka shafa mata mai na kirki, ka samu kusan haka a kuɗin shawarma. Na wuce.

Abin da ba ya ɗaukar ido a hoto shi ya fi aiki. Taya, misali. Kekuna da yawa, har masu tsada, da taya mai tauri suke zuwa daga kamfani. Ka canja zuwa mai laushi irin Continental GP5000, ka sa tub na roba mai taushi ko ka cire tub ɗin gaba ɗaya, za ka ji bambanci tun daga ƙofar gida. Kuma ku daina bunƙara wa taya iska kamar dutse. A titi mai gargada, taya mai tauri tsalle take yi, tsallen nan kuma ƙarfinka ne yake zubewa. Hular kwano mai santsi, riga mai kama jiki wadda ba ta kaɗawa kamar tuta, sirdin da ba zai kashe maka gaba ba bayan awa biyu. Na sirdin nan ba wasa ba ne, maza da mata. Wanda sirdi ya dame shi miƙewa zai yi, wanda ya miƙe kuma ya zubar da duk abin da ya saya.

Sai mitar ƙarfi, wadda take nuna maka wat nawa kake takawa. Ba ta ƙara gudu ko kaɗan. Aikinta ta hana ka haukan farko, lokacin da ka fito daga ruwa jini na tafasa, wani dattijo ya wuce ka fiu, zuciya ta ce bi shi. Ka bi shi, a gudu za ka biya, da tafiyar ƙafa da riƙe ƙugu.

Duk lokacin da hoton keken fam 10,000 ya so ya ruɗe ni, Chrissie Wellington nake tunawa. 'Yar Ingila ce, ta je gasar duniya ta Ironman a Kona karon farko a 2007 kusan babu wanda ya san ta, ta cinye a kan Cervélo P2C, wanda ko a kamfanin ba shi ne na sama ba. A 2008 tayarta ta yi faci a tsakiyar hanya, ta tsaya tana fama, har abokiyar takara Rebekah Keat ta miƙa mata gwangwanin iska. Ta tashi ta sake cinyewa. Sau huɗu ta ɗauki kambun. Ba ina cewa ni ita ba ne, haba. Amma in keken tsakiya bai hana ta ba, ban ga yadda za a yi ya zama shi ne matsalata ba.

Ƙaramin ratse: garin nan da nake zaune shi ne mahaifar Rali, keken da kakanninmu suke gogewa da tsumma ranar Juma'a. Sai 2002 aka daina ƙera shi a nan. Kakana ya hau nasa shekaru aru-aru, giya ɗaya, ya kai buhun gero kasuwa ya dawo. Da zai ji ana cajin keke da waya kamar tocila, ban san me zai ce ba.

To me na saya? Na hannu. Firam na kabon, shekara biyu a hannun mai shi, 105 na lantarki da maɓalli a wuri biyu, fam 2,200. Mutumin ya yi gasa biyu ya ce ya gaji, irinsu suna da yawa, kuma ƙarshen kakar wasa ne lokacin farautarsu. Na je da makaniki ya duba firam ɗin a cikin haske, don kabon ba ya lanƙwasa kamar ƙarfe, tsagewa yake, wani lokacin a ƙarƙashin fenti. Na duba lambar firam a BikeRegister saboda satar keke a ƙasar nan sana'a ce. Na kuma tabbatar ana samun sandar sirdinsa da ƙananan ƙarafan kansa a kasuwa, don irin kekunan nan kowane kamfani da nasa fasalin, abu ɗaya ya karye sai ka yi wata uku kana nema.

Mitar ƙarfi 350, tayoyi da tub 130, hula 120, sirdi 120, awo 200. Jimilla 3,120.

Ragowar 380 ko kusa da keke ban kai su ba. Malamin iyo na biya. Da girmana na koyi iyo, kuma har kwanan nan faɗa nake da ruwa, ina fitowa a galabaice kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Darasi goma, matar ta gyara mini numfashi da yadda nake jefa hannu, na rage wajen minti biyar a kilomita 1.9, kuma ina fitowa da sauran ƙarfi. Babu wani abin ɗaurawa a keke da zai ba ni haka a wannan kuɗin. Wasa uku ne, amma shago ɗaya ne yake da fitilu masu kyau.

Kar wani ya ɗauka ina zagin masu Dura-Ace. Akwai wani a kulob ɗinmu, ya haura hamsin, kekensa ya fi motarsa tsada, kuma ya faɗa da bakinsa cewa bai saya don gudu ba. Ya ce in ya gan shi a jingine da asuba, shi yake tashinsa daga gado ya fita cikin sanyi. Wannan dalili ne, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Iya kuɗinka iya shagalinka. Wanda kuma yake neman gurbin zuwa gasar duniya, inda sakan 30 ke raba mai tafiya da mai zama, shi ma lissafinsa daban. Abin da ba na so shi ne a kama sabon shiga, wanda ko gasa ɗaya bai gama ba, a sa masa a rai cewa in babu na sama bai shirya ba, har ya ci bashin shekara uku a kan rabin kilo.

Saura magana ɗaya da har yanzu ban yanke ba: wili. Masu zurfin baki na kabon ɗin nan da suke ƙara wuu-wuu in sun wuce ka. Su kam suna aiki da gaske, bayan zaman jiki da hula da riga, su ne na gaba. Amma masu kyau suna kai fam 1,000, kuma in iska ta bugo ta gefe, na gaba yana fizgar kan keke. A Kona ma an hana wilin baya rufaffe saboda iskar wurin. Ni kilo 64 ne, iskar gefe ba ta jin kunyata.

Wani ɗan kulob ya ce zai ara mini nasa masu zurfin milimita 60 in gwada Asabar mai zuwa, kuma hasashen yanayi ya nuna za a yi iska. Hanya ɗaya, wat ɗaya, zagaye huɗu da nawa, huɗu da nasa. Zan kawo muku lambobin a ƙarƙashin zaren nan.